Billen Dada

Hoton mahaifiyarmu guda ɗaya ne a duniya, kuma a hannuna aka bar shi. Dada muke ce mata, kamar yadda ake kiran uwa a gidaje da yawa a Gombe, ko da Fillancin gidan bai wuce na gaisuwa ba. Ba ta son hoto. Ko a wajen biki aka ɗaga kyamara sai ta ja mayafi ta juya baya, ta ce ita ba za a bar ta zaune a takarda ba bayan an kwantar da ita a ƙasa. Ranar da na gama sakandare ce kawai ta sassauta. Na yi ta roƙo har da hawaye, ta ce to, albarkacin takardar da na samo, za ta zauna sau ɗaya. Muka je wani ɗakin hoto a bayan babbar kasuwa, mai labule da zanen teku da bishiyar kwakwa. Ta zauna a kujerar roba ta haɗa hannuwa a cinya kamar mai jiran likita. Mai hoton ya ce ta yi murmushi. Ta ce masa, "Ɗan nan, ɗauki abinka, wake na bari a wuta." Maganar tata ce ta ba ta dariya, kuma dariyar ce ta fito a hoton.

Baƙa ce Dada, mai doguwar fuska da wushirya, haƙoranta sun ɗan rine da goro. Tana da 'yar baka, wato tsaga uku-uku a gefen baki, sannan da bille guda ɗaya da ya taso daga gefen hanci ya gangara kumatu. Tsagar gidansu ce, wanzami ya yi mata tun tana jaririya. Mu da muka zo daga baya ba a yi wa kowa ba, babanmu ya hana.

Da ta rasu, yayanmu namiji, wanda muke kira Hamma, ya ce hoton ya zauna wajena tunda ni ce sanadinsa. Na sa aka yi masa firam mai gilashi. Ban rataye shi ba, domin maigidana ba ya son hoto a bango, ni ma kuma raina bai kwanta da haka ba. A akwatin ƙarfe na ajiye shi, ƙarƙashin zannuwan aurena. Idan kewa ta ishe ni sai in rufe ƙofa in ɗauko, in kalla, in yi mata addu'a, in mayar.

Wata damina ruwa ya shigo mana gida a Nasarawo. Duk wanda ya zauna unguwar ya san yadda kwari yake cika ya yi ambaliya ba sallama. Ruwa ya kai ƙwauri a ɗaki. Muka ceci katifa da buhun masara da littattafan yara. Akwatin kuwa ban waiwaye shi ba sai bayan kwana biyu, don a tunanina ƙarfe ba ya shan ruwa. Da na buɗe, zannuwa sun yi fumfuna, hoton kuma ya manne da gilashinsa. Daga ƙirjinta zuwa ƙasa ya koma launin ƙasa, hannuwan da kujerar duk sun tafi. Amma fuskar tana nan. Ta koɗe, ta yi ɗigo-ɗigo, amma komai nata yana wurinsa. Na shanya shi a inuwa, na gode wa Allah, na mayar. Haka ya zauna damina biyu.

Ina da maƙwabciya 'yar ƙabilar Ibo, Kirista, da kowa a layinmu yake kira Madam. A Gombe aka haife ta, karin maganar da take kawowa ni kaina wani lokaci sai na tambayi ma'ana. Ita da mijinta suna da shagon buga takardu da wanke hoto a unguwar Arawa. Wata rana da hantsi ta shigo in nuna mata yadda nake haɗa ƙullun masa, don nata kullum ba ya tashi, sai ta tarar na fito da kayan akwatin ina shanya. Ta ɗauki firam ɗin ta juya shi.

"Maman 'yanmata, wannan mamanki ce? Kai, ga kama nan a goshi. Me ya same shi?"

Na gaya mata.

"Ai wannan ba ciwon ajali ba ne," in ji ta. "Akwai wata manhaja da muke gwadawa a shago, tana gyara tsohon hoto ya dawo kamar jiya aka ɗauka. Beta suke ce mata, wato ba ta gama nuna ba. Kamar a ba ki miya ki ɗanɗana kafin a sauke. Masu ita so suke mutane su taɓa, su gaya musu inda gishiri bai ji ba."

Ta nuna mini a wayarta hoton wani tsoho da rabin hularsa ya goge, sannan ta ja yatsa, sai ga hula ta dawo cikakkiya har da zanenta. Na ce ikon Allah. Ta karɓi wayata ta sauke mini manhajar, ta nuna mini inda zan danna. Da za ta fita, da kwanon ƙullu a hannu, ta juyo daga bakin zaure.

"Amma fa ki ji. Ki kawo mini shi shago mu sa a na'ura mu kwafe tukuna. Kada ki taɓa shi da kanki."

Na ce to.

Ban kai ba. Ba mantuwa na yi ba kuma ba ƙyuya ba ce. Na san shagon, kullum cike yake da maza, masu buga takardar neman aiki da masu hoton fasfo, kowa yana leƙen abin da ke gaban na kusa da shi. Na yi ta tunanin yadda zan rungumi fuskar Dada a keke, in kai ta in shimfiɗa a tebur, wani ƙato yana leƙe yana cewa wannan tsohuwar fa. Matar da ko mai tallan manja ba ta bari ya ga fuskarta sosai. Da ƙyar ta yarda da mai hoto ɗaya saboda ni, yanzu kuma in kai ta kasuwa? Sai na ce a raina, abin da waya za ta iya a shago ai za ta iya a tsakar gida.

Washegari bayan azahar, yara suna makarantar allo, na jingina firam ɗin da turmi na ɗauka da waya. Rana ta haska gilashin. Na koma inuwa, sai ga ni da wayata muna fitowa a cikin gilashin, a kan fuskarta. Na shiga ɗaki, duhu ya yi yawa. Na ɗauka ya fi a ƙirga. Waya ta fara ƙorafin ta cika, sai na bi na goge su na bar guda ɗaya da na ga ya fi. Shi ma ɗin wani farin haske ya ratsa shi daga kunne zuwa kunne, ƙasan ido, ya rufe kumatun biyu. Idanu sun fito, baki ya fito, tsakiyar kuwa fari fat.

Na sa shi a manhajar. Ta yi ta juya wani ɗan zobe, sannan ta rubuto da Turanci. Na karanta a hankali, sau biyu. Cewa ta yi haske yana dawowa daga gilashi, a cire hoton daga firam a sake ɗauka domin sakamako ya fi kyau.

Na kwance ƙusoshin bayan firam ɗin da wuƙa. Katako ya fita, kwali ya fita, hoton ya ƙi rabuwa da gilashi. Na sa farce a kusurwa, sai na ji yana neman yagewa, na bari.

Ni mace ce da ta yi shekaru tana fama da tukunya. Abin da hannuna ya sani shi ne, abin da ya kama ba a fizgarsa, jiƙa shi ake yi. Ƙanzo a gindin tukunya, jiƙa shi ake yi. Takardar da ke manne a sabon kwano, jiƙa ta ake yi. Ko ƙyallen da ya manne a ciwon yaro, da ruwan ɗumi ake lallaɓa shi. Ban yi shawara da kowa ba domin ban ga abin shawara a ciki ba. Na ɗauko babban farantin da nake jera masa, na zuba ruwa mai ɗumi, na taɓa da bayan hannu kamar zan yi wa jariri wanka, na yi bisimilla na kwantar da gilashin a ciki. Aka kira la'asar. Na ce bari in yi salla, kafin in idar ya saki.

Ya saki kuwa. Da na dawo takardar ta ɗago da kanta a gefe ɗaya. Na sa yatsa biyu na ɗaga a hankali, ina jin daɗin yadda take biyo ni ba gardama. Sai da ta fito duka na ga fara ce. Launin bai biyo ta ba, bai kuma zauna a gilashin ba. Ya zame ne kamar kunu a bayan ludayi. Ina kallo goshinta ya narke ya bi ruwa. Na sa hannu in tare, kamar akwai abin tarewa, sai na ƙara dama shi. Ruwan ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, da wasu 'yan ɓarɓashi suna yawo.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ita na yi ta maimaitawa, ina durƙushe a gaban faranti. Ban yi kuka ba a lokacin. Abin da ya dame ni shi ne inda zan zubar da ruwan. Na kasa zuba shi a kwata. Na ɗauki farantin da hannu biyu na kai gindin zogalen da ke bayan ɗaki na tsiyaye shi a hankali, na ɗauraye da wani ruwan na ƙara zubawa a wurin. Farar takardar na shanya a kan taga, ban san don me ba.

Saura hoton waya guda ɗaya, mai farin haske a tsakiya. Na koma manhajar na danna inda aka ce a ci gaba a haka. Zoben ya juya, ya juya. Sai ga mace ta fito.

Kyakkyawa ce, ba zan yi mata ƙarya ba. Mayafin na Dada ne, har da ɗan zaren da ya zare a gefe. Ɗankunnen nata ne. Idanun ma kusan nata ne, shi ya sa gabana ya faɗi. Amma fara ce sol, kumatu sumul kamar na amarya, haƙora a jere farare babu wushirya. Babu 'yar baka. Babu bille. A ƙasa manhajar ta rubuta abin da ta yi, kamar mai jiran a yaba mata: ta gyara haske, ta cike inda ya ɓace, ta share karce. Tsagar gefen bakin, wadda ta fito a hoton wayar ko da dishi-dishi, ita ta ɗauka karcen tsufan takarda ne ta goge.

Kwana uku ina fama da ita tsakanin girki da wanki. Akwai wani layi da ake ja a rage ƙarfin gyaran. Idan na ja shi ƙasa sai farin hasken ya dawo ya rufe kumatun. Idan na ja shi sama sai baƙuwar ta dawo. Kuma ba mace ɗaya ba ce, duk dannawa da wadda take kawowa. Wata mai kumatu, wata mai siririn hanci, wata yarinya ƙarama sanye da mayafin uwata. Na ga wurin da aka ce mai gwaji ya rubuta ra'ayinsa. Na tattaro Turancin sakandare na rubuta musu cewa waɗannan layukan ba karce ba ne, wanzami ne ya yi su da aska, da su ake gane gidan da mutum ya fito, don Allah su koya wa abin nasu ya bar su. Ban gama sauke yatsa ba amsa ta shigo, ana gode mini, ana cewa ra'ayina yana da muhimmanci. Ko mai saurin karatu bai isa ya karanta a wannan lokacin ba.

Rana ta huɗu na aika aka kira mini Madam. Na nuna mata farar takardar da gilashin. Ta nemi turmi ta zauna a kai.

"Yesu! Maman 'yanmata, ruwa? Ruwa kika sa?"

"Ruwan ɗumi ne."

"Ko na zamzam ne! Ban ce ki kawo mini ba?"

Na gaya mata dalilina, na maza da leƙe. Ta girgiza kai.

"Da kin faɗa ai da na kore su waje na rufe shago. Har mijina sai in kora. Ke dai kunyarki ta yi miki tsada."

Ba ta ƙara faɗa ba, ta ga yadda nake. Ta ce in tura mata hotunan biyu, akwai abin da ake yi da hannu a kwamfuta, za ta iya duhunta fatar, ta buɗe wushirya, ta zana tsagar da kanta in dai zan zauna kusa da ita in nuna mata. Na ji kamar an sauke mini dutse. Ta buɗe hoton baƙuwar a wayarta ta faɗaɗa kumatun da yatsu biyu.

"'Yar bakar na gani a ɗayan hoton, uku nan uku nan. Billen fa, wane ɓangare? Dama ko hagu?"

Na buɗe baki zan faɗa, sai na ji babu komai a bakin. Na rufe ido. Shekara nawa ina kallon fuskar nan, ta yi mini kitso ina kallonta ta ƙasa, na yi jinyarta ina shafa mata mai. Na nemo fuskar a raina, sai wadda na kwana uku ina kallo a waya ta zo ta tsaya, sumul, tana murmushi da haƙoran da ba nata ba. Na ɗora billen a dama, ya yi daidai. Na ɗora shi a hagu, shi ma ya yi daidai.

"Ban sani ba," na ce.

A nan kukan ya zo. Madam ta tashi daga turmin ta riƙe ni, tana cewa yi haƙuri, zai dawo miki, irin wannan idan an matsa masa gudu yake. Ta ce duk ranar da na tuna in zo, ko ranar Lahadi ce za ta buɗe mini shago.

Bai dawo ba. Kuma ban tambayi kowa ba, domin tambayar za ta jawo wata tambayar: ina hoton yake da ba za ki duba ba?

Ana cikin haka Hamma ya kira ni. Ya gama ginin gidansa a Arawa, za su tare, za a yi 'yar walima. Ya ce yana so in ba shi aron hoton Dada a wanke masa babba ya sa a falo, yaransa su san kakarsu. Na ce masa hoton ya sha ruwa tun ambaliya, wanda gaskiya ne. Na ce amma an gyara shi a waya, wanda shi ma gaskiya ne. Abin da ke tsakanin gaskiyar biyu na haɗiye. Na zaɓi wadda idanunta suka fi kama da na Dada na tura masa, ina fatan ya ce wannan ba ita ba ce, in samu ƙofar faɗa masa.

Sai ya turo murya yana shessheƙa. Ya ce Allah ya yi mini albarka, ya ce kamar ta taso. Ya sa hoton a zauren danginmu na waya. Kafin magariba addu'o'i sun cika wurin, Allah ya jiƙan Dada, Allah ya kai haske kabarinta, masha Allah ashe haka take da kyau. Har waɗanda ta goya a bayanta. Na bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya ina neman mai cewa ina tsagarta. Babu. Na ce amin a kan kowace addu'a, domin addu'ar dai tata ce, ko wace fuska aka kalla aka yi ta.

Ranar walima aka ɗauko Yafendo daga ƙauye, ƙanwar Dada uwa ɗaya uba ɗaya, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ta tsufa, idonta ya yi rauni, amma bakinta yana nan da kaifinsa. Aka shigo da ita falo bayan azahar, mata sun cika, ana ta raba waina da miyar taushe. Hoton yana bango, ya kai faɗin tabarmar salla. Ta tsaya a gabansa da sandarta, ta matsa, ta ƙara matsawa har hancinta ya kusa taɓa gilashi.

"Kai," ta ce wa Hamma, "wace 'yar fim ce ka rataye mana a falo?"

Aka yi dariya. Hamma ya ce, "Haba Yafendo, Dada ce fa."

"Wace Dadar? Adda, yayata?" Ta sake dubawa. "Mayafin dai nata ne, ni na sayo mata. To bilicin aka yi mata a lahira? Wannan ko ƙuda ya sauka a kumatunta ai sai ya zame. Ina 'yar bakarta? Ina billenta? Wa ya toshe mata wushirya?"

Dariyar ta ragu. Hamma ya ce gyaran zamani ne, na'ura ce ta wanke shi.

"Ta wanke shi ko ta wanke ta? Ku ɗauko mini na ainihin in ga 'yar'uwata."

Hamma ya juyo ya dube ni. Na ajiye farantin da ke hannuna. Na ce su zo ciki, ina da magana. Muka shiga ɗakin matarsa mu uku, na durƙusa a gaban Yafendo na faɗi komai, da maganar Madam da na ƙi bi, da farantin, da zogalen. Ban ɗaga kai ba sai da na gama.

Hamma bai yi faɗa ba. Da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya zauna a bakin gado ya cire hula ya riƙe a hannu. Can ya ce, "Shi ke nan babu wani?"

"Babu, Hamma."

"Kuma kika bar ni na yi ta kuka a kan wata."

Yafendo ta ce masa, "Kai ma ai da idonka ka kalla. Nonon wa ka sha da ba ka gane ba ita ba ce?" Ya sunkuyar da kai.

Na share fuska na ce akwai mai iya mayar da tsagar da hannu, abu ɗaya ake nema, a gaya mini ɓangaren da billen yake.

"Dama," in ji Hamma nan take. "Idan ta yi sallamar farko a salla ina zaune a gefenta, shi nake fara gani."

"Hagu," in ji Yafendo. "Irin nawa. Wanzami ɗaya ya yi mana." Ta kai hannu ta shafa nata. Hannun bai sauka daga kumatun ba. "Ko da yake innarmu takan ce an bambanta mu, don kada a ce... a'a. Wannan maganar ta kitso ce. Hagu ne." Ta juya wajen Hamma. "Kai yaro, a wane gefen kake zama?"

Hamma ya ce shi ma yanzu ta sa shi kokwanto.

Muka zauna mu uku, waɗanda duk duniya babu wanda ya kai mu saninta, ana ta hayaniyar kwanuka a waje. Yafendo ta kamo hannuna ta ɗora yatsana a kumatunta, ta bi da shi daga gefen hanci zuwa ƙasa. Fatar ta yi laushi kamar tsohon zane, tsagar tana ƙarƙashin yatsana kamar bakin ɗinki.

"Haka yake," ta ce. "Sai dai nata ya fi nawa tsawo, don an ce ta motsa a hannun wanzami. Tashi, daina kukan nan. Wanda ya halicci fuskar bai manta inda ya sa komai ba. Ranar tashi ba da hoto za a nemo ta ba."

Na ce ta bari in ɗauke ta a waya, ko don tsagar. Ta ture hannuna. "Don abin naku ya wanke ni ni ma? Bar ni da kayana."

Na roƙi Hamma ya sauke hoton. Ya ce ya ji, zai duba. Da na sake tuna masa bayan sati biyu sai ya ce yara sun saba da shi, kuma ko babu komai mayafin nata ne, idanun ma kusan nata ne, ya fi a bar bango babu komai. Ni na jawo, ba ni da bakin matsawa. Madam ta ce za ta iya yin guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, in zaɓa. Na ce a'a, na gaji da zaɓen uwa a cikin mata. Manhajar kuma na cire ta daga wayata. Na ji an ce sun fito da cikakkiyarta daga baya, ban nema ba.

Abin da ban gaya wa Hamma ba shi ne, yanzu idan na idar da salla na ɗaga hannu ina nema wa Dada gafara, matar bangon ce take fara zuwa. Sai na kore ta, in fara daga murya, daga yadda take kiran sunana idan na bar tsintsiya a hanya, sannan wani abu nata ya ɗan matso. Wata rana ya zo, wata rana ba ya zuwa.

Kwanan baya muka je gidan Hamma gaisuwa. 'Yata ta ƙarshe, wadda ba ta riski Dada ba, ta tsaya a gaban hoton ta daɗe. A keke muna dawowa ta ce, "Mama, ashe Dada fara ce? Me ya sa ke ba ki biyo ta ba?"

Na ce mata ba fara ba ce, baƙa ce kamar ni, tana da wushirya, tana da tsaga uku-uku a nan da nan, da wata doguwa a kumatu.

"A wanne?"

Mai keke ya rage gudu zai hau kwalbati. Na ɗaga yatsa na ja mata layi a kumatun hagu, domin Yafendo ce babba, kuma ita ta riga mu ganinta. Yarinyar ta shafa wurin ta ce to. Ta yarda da ni.